Continual, continuous, chronic, perpetual da 'yan uwansu: ina bambancin yake?

Mai Gyaran Rubutu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wasu sifofin Turanci da ɗalibai da 'yan jarida ke zubawa a kwando ɗaya, duk a ce "mai ɗorewa" ko "na kullum": continual, continuous, constant, incessant, persistent, chronic, recurrent, perennial, perpetual, permanent. Ƙaramin ƙamus sai ya fassara wannan da wancan, ya fassara wancan da wannan, mutum ya tashi a tutar babu. Tunda muna da malamai da likitoci da lauyoyi a nan, don Allah kowa ya faɗa mana yadda abin yake a fanninsa.

Malamin Turanci:
Wa'alaikumus salam. A fara da biyun da suka fi ba da wahala. Continuous abu ne da ke tafiya babu yankewa. Continual abu ne da ke tsayawa ya dawo, ya tsaya ya dawo, a kai a kai. Idan aka tsuge da ruwa tun bayan isha'i har asuba bai ɗauke ba, wannan continuous rain ne. Idan kuma mako guda ne a watan Agusta, a yi ruwa da safe, rana ta fito, a sake yi da la'asar, gobe ma haka, to continual rain ke nan.

Gwajin da ya fi sauƙi: ƙara "bai tsaya ko na minti ɗaya ba" a ƙarshen jimlar. In maganar ta zauna, continuous ce. In ta zama ƙarya, continual ce. Mai cewa "continuous interruptions" ya yi tuntuɓe, domin katse magana sai da maganar da ake katsewa a tsakani.

Sannan continual ta lokaci ce kawai. Continuous tana shiga fili ma. Farin layin tsakiyar titi wanda bai da gutsure-gutsure, wanda ke hana wuce mota, continuous line ne. Ba a taɓa cewa continual line.

Mai Fassara:
Malam, ban ƙi ta taku ba, amma katangar ba ta kai tsayin da ake nuna wa ɗalibai ba. Continual ta riga continuous shiga Turanci da ɗaruruwan shekaru, tun ƙarni na 14, kuma a da ita ake amfani da ita har ga abin da ba ya yankewa. Continuous sai a ƙarni na 17 ta bayyana. Har yau Bature zai rubuta "continual pain" yana nufin ciwon da bai saki ba ko kaɗan. Ga kuma continuous assessment da ake yi a makarantunmu. Wa ya taɓa ganin malamin da ke gwada ɗalibi dare da rana? Gwaji ne sau biyu ko uku a zango. Bisa ƙa'idar Malam ai continual ya kamata a ce, amma duk duniya continuous ake cewa.

Malamin Turanci:
Haka ne, sai dai a lura da inda ɓarakar take. Continual ce ke tsallakawa gonar continuous a maganar yau da gobe. Continuous assessment kuwa suna ne da ya daskare, an sa shi ne don a bambanta da jarrabawa ɗaya tilo ta ƙarshen zango, kuma ba a gyara sunan da ya daskare. Ɗalibin da ke gaban takardar WAEC ko JAMB ya riƙe ƙa'idar yadda na faɗa, domin ita mai saita tambaya ke nema.

Injiniya:
A wajenmu wannan ba maganar ado ba ce, inji ake ƙonawa a kanta. Janareta babba yana zuwa da ƙarfi iri-iri a rubuce a jikinsa. Continuous rating shi ne nauyin da zai ɗauka yana aiki ba tsayawa, nauyin kuma bai canzawa. Standby rating lamba ce da ta fi girma, amma ta gaggawa ce, ta 'yan awoyi idan an ɗauke wuta. Mai saye ya ga babbar lambar, ya ɗora wa injin wannan nauyin dare da rana, sai zafi ya cinye shi kafin lokacinsa.

Injin walda ma haka. In an rubuta duty cycle 60%, nufi shi ne a cikin kowane minti 10 ka yi aiki na minti 6, ka bar shi ya huce na minti 4. Wannan shi ake kira intermittent duty. A kan injin da lantarki ke juyawa, wato electric motor, za ka ga S1, wato continuous, ko S3, wato intermittent.

Constant kuma daban ce da continuous, kuma nan mutane ke faɗawa rami. Continuous na nufin bai yanke ba. Constant na nufin bai canza ba. Ana iya wuni da wuta ba a ɗauke ba, amma ƙarfinta na lilo daga volt 230 zuwa 170 ya dawo. Wannan wutar continuous ce amma ba constant ba, kuma ita ce ke kashe firji. Wanda ya rubuta a kwangila "constant supply" alhali "uninterrupted" yake nufi ya buɗe ƙofar gardama.

Wani abu da zai faranta wa Malam rai: ma'aunin ingancin aiki na ISO 9001 cewa yake continual improvement, domin gyara mataki-mataki ake yi, a gyara, a auna, a sake gyarawa.

Malamin Turanci:
Ya faranta kuwa. Sai dai a maganar gida constant tana sassautawa. "Constant complaints" ba ya nufin ƙorafin da girmansa bai canzawa, yana nufin ƙorafi kullum, kusan daidai da continual. Ma'anar "bai canzawa" ta fi ƙarfi idan abin ana auna shi da lamba: gudu, zafi, farashi.

Edita:
Ni incessant ce damuwata. Asalin ma'anarta "ba ƙaƙƙautawa", amma tana ɗauke da gundura a cikinta. Mai faɗinta ya gaji da abin. Shi ya sa ake cewa incessant noise, incessant demands. Ba a yi wa mutum addu'a da incessant blessings, ba a yabon gwamna da incessant projects, sai in zambo ake so. Jaridunmu sun saba da incessant strikes da incessant attacks, alhali yajin aiki da hare-hare zuwa suke su tafi. An karɓe ta a matsayin kururutawa, amma in rahoto ne na tsantsar labari, repeated ko frequent sun fi tsabta, domin ba sa saka ra'ayin marubuci.

Ga jerin waɗanda ke da giɓi a tsakani, daga mai tsari zuwa marar tsari. Periodic yana da lokacin da za a iya lissafawa. Tauraruwa mai wutsiya ta Halley takan dawo duk bayan kimanin shekara 76, an gan ta a 1986, ana jiran ta a 2061. Intermittent na tsayawa ya ci gaba, tazarar kuma gajera ce, kamar abin share gilashin mota idan an sa shi a matakin yayyafi. Sporadic shi ne jefi-jefi, babu tsari a lokaci, babu tsari a wuri, nan da can. Occasional ba shi da yawa kuma ba ya tayar da hankali.

Don haka "sporadic shooting" harbi ne jefi-jefi. Wasu masu rahoto na amfani da ita suna nufin ruwan harsashi, wanda kusan kishiyarta ne. "Epileptic power supply" kuma namu ne na gida. Mai karatu a Ingila zai tsaya yana mamaki, kuma masu fama da farfaɗiya ba sa jin daɗinta. Erratic ko intermittent sun wadatar.

Likita:
Ranku ya daɗe, a asibiti kowace ɗaya tana da ma'auninta, kuma maras lafiya kan tsorata da kalmar da bai kamata ta tsorata shi ba. Chronic ba ta nufin mai tsanani. Tana nufin wanda ya daɗe. Kishiyarta acute, wato wanda ya zo farat ɗaya kuma gajere. Mai tsanani severe ne. Hawan jini chronic ne ko da mutum na yawonsa lafiya lau. Ciwon appendix acute ne, kuma shi ne zai iya kai mutum tiyata cikin dare.

Tsawon da ake buƙata kafin a ce chronic ya danganta da cutar. Ciwon ƙoda sai matsalar ta wuce wata 3. Hepatitis B sai ƙwayar ta zauna fiye da wata 6. Tari ga babba sai ya haura mako 8. Gudawar yara kuma in ta kai kwana 14 persistent ake ce mata.

Recurrent daban: an warke, ya sake dawowa. Ciwon mafitsara ana kiran sa recurrent in ya zo sau 2 cikin wata 6 ko sau 3 cikin shekara. Sikila ta haɗa biyun a jiki ɗaya. Ita cutar chronic ce, tana nan tun haihuwa, amma tashin ciwon ƙashi recurrent ne, yana zuwa ya lafa.

Misalin da ya fi nuna tsanin kalmomin nan shi ne wata matsalar bugun zuciya da ake kira atrial fibrillation. In tana zuwa ta tafi cikin kwana 7, paroxysmal ce. In ta wuce kwana 7, persistent. In ta haura shekara, long-standing persistent. Permanent kuwa ba a ƙirga mata kwana. Ana faɗinta ne ranar da likita da maras lafiya suka yanke shawarar daina ƙoƙarin mayar da bugun daidai. Wato persistent na nufin abin ya ƙi tafiya amma ana fafatawa da shi, permanent na nufin an sallama.

Mai Gyaran Rubutu:
Dakta, to zazzaɓin cizon sauro da ke dawo wa mutum bayan sati biyu fa? Chronic malaria ake ji a bakin mutane.

Likita:
Recurrent ya dace, kuma a ƙarƙashinsa akwai uku. Ko dai maganin bai kashe ƙwayar duka ba ta sake tasowa, wannan recrudescence, yawanci saboda an yanke shan magani kafin kwana ukun su cika ko maganin jabu ne. Ko sauro ya sake cizo, reinfection. Ko kuma nau'in vivax da ovale da ke kwanciya a hanta su farka daga baya, relapse. A ƙasarmu falciparum ya fi yawa, shi kuma ba ya kwanciya a hanta, don haka biyun farko ne aka fi gani. Idan ana maganar yanki ba mutum ba, sai a ce malaria is endemic, wato cutar 'yar gida ce a wurin.

Mai Fassara:
Persistent tana da fuska biyu da ya kamata a ambata. Ga abu, shi ne wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ga mutum, naci ne, kuma yana iya zama yabo ko suka. Persistent student ɗalibi ne mai nacin karatu. Persistent offender kuwa ɗan gidan yari ne da ya saba hanya. Chronic ga mutum ba ta da fuskar yabo ko ɗaya: chronic liar, chronic debtor.

Lauya:
Bari in shigo da perpetual, permanent da indefinite, domin a kotu kowace da kujerarta.

Umarnin hani na kotu hawa uku ne. Interim injunction na 'yan kwanaki ne, kafin a saurari ɗaya ɓangaren. Interlocutory yana tsayawa har a gama shari'ar. Perpetual injunction shi ake bayarwa a hukuncin ƙarshe, ba shi da ranar ƙarewa, sai in kotun sama ta rushe shi. Amurkawa permanent injunction suke ce masa, abu ɗaya ne, amma takardar da za a shigar a kotun Najeriya perpetual za ta ɗauka. Haka kamfanin da aka yi wa rajista yana da perpetual succession. Masu hannun jari su mutu, daraktoci su sauya, kamfanin yana nan a matsayin mutum ɗaya a idon doka har sai an rushe shi bisa ƙa'ida.

Permanent ba ta yi alkawarin har abada ba. Abin da take cewa shi ne ba na wucin gadi ba ne, ba a sa masa wa'adi ba. Ita ce dindindin. Permanent Secretary yana ritaya. An kira shi haka ne saboda minista na zuwa da gwamnati ya tafi da ita, shi kuwa ma'aikaci ne. Katin zaɓe na PVC, wato Permanent Voter's Card, ya samu sunansa ne don ya maye gurbin na wucin gadi. Ƙasashe biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin, ba a sake zaɓensu, sauran goman kuwa shekara bibbiyu suke yi.

Indefinite ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Ba ta ce abin zai daɗe ba, cewa ta yi ba a sa rana ba. Indefinite strike shi ne yajin aikin sai-baba-ta-gani, yana iya ƙarewa jibi. Na ASUU a 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu da wa'adin mako huɗu, aka yi ta ƙara wa'adi, a ƙarshen Agusta aka ce indefinite ne, sannan aka janye ranar 14 ga Oktoba. Ɓangaren da aka kira indefinite ya fi na masu wa'adin gajarta. Ma'aikacin da aka ba indefinite suspension ba a kore shi ba tukuna, kuma wasiƙar da ta cakuɗa wannan da dismissal tana iya jawo ƙara.

Malamin Turanci:
Barista, a ƙara da cewa perpetual na da motsi a cikinta, permanent kuma zaune take. Perpetual motion, perpetual quarrels, abu ne da ke ta juyawa. Permanent scar, permanent address, abu ne da ya kafu. Haƙoran girma 32 da ke maye gurbin na nono 20 permanent teeth ne duk da suna faɗuwa. Perpetual teeth ba magana ba ce.

Malamin Gona:
Perennial tamu ce kafin 'yan jarida su ara. Shuka kashi uku ce. Annual tana tsirowa, ta yi iri, ta mutu a shekara ɗaya: gero, dawa, masara, gyaɗa, wake. Biennial shekara biyu take buƙata. Albasa da karas da kabeji a zagayen farko suke tara abinci, a na biyu su yi fure da iri. Shi ya sa mai neman irin albasa ke ajiye lawashi ya bushe, ya sake dasa ƙwallon a kaka mai zuwa. Perennial ta wuce shekara biyu a raye: mangwaro, zogale, dabino, rake, gamba. Wasu kamar gamba samansu na bushewa da rani, saiwar tana nan, ruwan farko ta sake tofowa.

Daga nan ma'anar aro ta fito. Perennial problem matsala ce da ake zaton ta mutu, sai ta sake tofowa daga tsohuwar saiwa. Ambaliyar damina a garin da magudanansa suka toshe perennial flooding ce. Ba dole ta zo kowace shekara cif ba, in da haka ake nufi annual za a ce.

Sai dai a kula da kogi, domin a nan ma'anar ta juya. Perennial river shi ne wanda ba ya ƙafewa duk shekara, kamar Kwara da Binuwai. Wanda ke gudu da damina ya koma yashi da rani seasonal ne, masana ƙasa kuma su ce intermittent. Wanda ba ya kawo ruwa sai an yi ruwan sama, ya gudu na 'yan awoyi ya ƙafe, ephemeral.

Akanta:
Tunda an taɓo biennial, a yi hattara da biannual. Harafi kaɗan ne tsakaninsu amma bambancin ninki huɗu ne. Biannual sau biyu a shekara, biennial sau ɗaya a shekara biyu. Ƙungiyar da kundinta ya ce "biannual dues of N10,000" ta ɗora wa mamba N40,000 a shekara biyu, in kuma biennial ake nufi N10,000 ne kacal. Bimonthly da biweekly sun fi muni, domin ƙamus ya yarda da ma'ana biyun duka: sau biyu a wata ko duk bayan wata biyu. A takardar da kuɗi ko magani ke ciki, a bar su gaba ɗaya. A rubuta twice a year, every two years, every six months. Fortnightly ba ta da ruɗani, duk mako biyu ce, sai dai Amurkawa ba su cika amfani da ita ba.

Recurrent da recurring ma'anarsu ɗaya, wurin zamansu ne daban. Kasafin gwamnati yana da recurrent expenditure, wato albashi da kuɗin gudanarwa da ke dawowa duk shekara, a gefen capital expenditure na gine-gine da hanyoyi. Kuɗin da banki ke cirewa duk wata bisa umarninka recurring payment ne. A lissafi, ɗaya bisa uku 0.333 ne ba iyaka, recurring decimal. Babu dalilin nahawu da ya raba su, sabo ne, kuma wanda ya musanya su za a gane ba ɗan fannin ba ne.

Edita:
Saura eternal da everlasting. Wa zai ɗauka?

Mai Fassara:
Na ɗauka, a taƙaice. Everlasting gaba take kallo: abin na iya samun farko, amma ba shi da ƙarshe, har abada ke nan. Eternal, a bakin masana tauhidi da falsafa, ta haɗa tun fil'azal da har abada, babu farko babu ƙarshe, lokaci ma bai kewaye abin ba. Mai fassara rubutun addini ya riƙe wannan: abin da aka halitta kuma ba zai ƙare ba ya fi dacewa da everlasting. Amma tsofaffin rubuce-rubucen addini na Turanci suna musanya su sosai, eternal life da everlasting life duka suna nan, don haka kada a kafa hujjar aƙida a kan kalmar da wani mai fassara ya zaɓa. A hira kuwa duka biyun wasa ne ko ƙorafi, kamar eternal optimist ga wanda ba ya fid da rai ko an ga ta ƙare.

Mai Gyaran Rubutu:
Madalla. Tambaya ɗaya ta rage daga wani rubutu da ke gabana: "a durable solution to the crisis". A bar shi ko a mayar lasting?

Malamin Turanci:
Durable asalinta ƙarko ne, jure wahala da gogayya: takalmi, taya, kwanon rufi. Masu tattalin arziki na cewa durable goods ga kayan da ke shekaru kamar firji da mota. Lasting ta fi zama da abin da ba a taɓawa da hannu: lasting peace, lasting impression. Enduring ta ƙara da cewa abin ya sha gwagwarmaya ya tsira, kamar enduring friendship. In rubutun na jarida ne kan rikicin gari, lasting solution ta fi sauƙin shiga kunne.

Lauya:
Malam, a duba batun rubutun kafin a taɓa shi. In kan 'yan gudun hijira ne, durable solutions kalmar aiki ce ta UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, kuma abu uku take nufi: komawa gida bisa raɗin kai, zama ɗan gari a ƙasar da aka samu mafaka, ko sake tsugunarwa a ƙasa ta uku. In wannan marubucin ke nufi, a bar masa durable yadda ya sa.

Mai Gyaran Rubutu:
Kan sansanonin 'yan gudun hijira ne kuwa, Barista. An bar shi.